Tsakanin Ƙaiƙayi da Susa: Me Buddha Yake Nufi da Farkawa?

A garin Igatpuri na jihar Maharashtra ta Indiya akwai wata cibiya mai suna Dhamma Giri, wadda aka buɗe a 1976. Duk wanda ya je zaman kwana goma a can, tun daga bakin ƙofa zai miƙa wayarsa da littattafansa da alƙalaminsa a ajiye masa. Ƙarfe huɗu na asuba ake kaɗa ƙararrawa, huɗu da rabi kowa yana kan matashin zamansa. Ba magana, ba haɗa ido, ba ishara, sai rana ta goma. Kusan sa'a goma ake yi a zaune kullum. Kwana ukun farko aiki ɗaya ne tak, mutum ya lura da numfashinsa yana shiga yana fita ta ƙofar hanci. A rana ta huɗu sai a ce ya riƙa bin jikinsa da hankalinsa daga tsakar ka har tafin ƙafa, yana lura da duk abin da ya ji, zafi ne, sanyi ne, tsamin gwiwa ne, ƙaiƙayi ne. Sau uku a rana akwai zaman sa'a guda da ake so kada ya sosa, kada ya gyara ƙafa, kada ya buɗe ido. Ba a karɓar ko kwabo, waɗanda suka gama a baya ne suke biya wa na bayansu.

Mai karatu zai ce, to wannan wahalar ta mece ce? Yawancinmu inda muka fara ganin mabiya Buddha shi ne finafinan Chanis, masu kai ƙwal da jan mayafi suna tsalle a kan rufin ɗaki. Sai kuma labaran rediyo: gumakan Bamiyan da 'yan Taliban suka rusa a 2001, da Musulmin Rohingya da aka kora daga Myanmar. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai gaya maka abin da zai sa baligi mai hankali ya kwana goma yana gadin ƙaiƙayin bayansa. Alhali kuwa a ɗan taƙin da ke tsakanin ƙaiƙayin nan da susa ne kusan dukan koyarwar Buddha take ƙunshe.

Buddha laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Sunan mutumin Siddata Gotama, ɗan ƙabilar Sakiya, haifaffen Lumbini da ke kudancin Nepal ta yau, inda ginshiƙin dutsen da Sarki Asoka ya kafa a ƙarni na uku kafin Miladiyya yake tsaye har yanzu da rubutunsa. An sha bamban a kan zamaninsa. Ƙidayar ƙasar Tailan, wadda take farawa daga rasuwarsa, tana gaban ta Miladiyya da shekara 543, amma masana tarihi da yawa a yau suna ajiye rasuwar wajajen shekara 400 kafin Miladiyya. Ruwayoyin sun ce ya bar gida yana da shekara 29, ya bar mata da jariri, saboda tsufa da cuta da mutuwa sun tsaya masa a rai. Ya zauna gaban malamai biyu, Alara Kalama da Uddaka Ramaputta, ya ƙware a irin zaman da ke kai zuciya ga ƙurewar shiru, sannan ya bar su. A riƙe dalilin barin nasa, domin za mu dawo kansa: ya ga natsuwar nan, komai zurfinta, aro ce, tana da lokacin shiga da lokacin fita, kuma ba ta tumɓuke komai daga tushe. Ya koma azabtar da jikinsa da yunwa har ya kusa halaka, nan ma babu. Da ya karɓi abinci sai abokan tafiyarsa biyar suka yi fushi suka bar shi. Ya zauna shi kaɗai ƙarƙashin wata bishiya dangin ɓaure kusa da kogin Neranjara, wurin da ake kira Bodh Gaya a jihar Bihar, kuma a nan ne, yana da shekara 35, ya ce ya farka. Ya yi shekara 45 yana yawon koyarwa a kwarin kogin Ganga, ya rasu a Kushinagar yana da 80.

Jawabinsa na farko ga mutane biyar ɗin nan ya yi shi, a Sarnath kusa da Banaras, kuma tsarinsa tsarin likita ne: ga cuta, ga sanadinta, tana warkewa, ga magani. Cutar ya kira ta dukka. Ana fassara kalmar da wahala, shi ya sa ake yi wa addinin kallon addinin baƙin ciki, amma ta fi haka faɗi. Ciwo dukka ne, rabuwa da masoyi dukka ne, zama da wanda ba ka so dukka ne. Sai mai wuyar kamawa: daɗin kansa yana ɗauke da ita, tunda tun kana cikinsa ya fara zamewa. Ranar da ka sayi sabon babur, a daren ne fargabar ɓarawo take farawa. Bai musanta daɗi ba, abin da ya musanta shi ne a ce akwai daɗin da za a jingina da shi ya riƙe mutum.

Sanadin kuwa ya kira shi tanha, wato ƙishirwa. Bahaushe zai yi maza ya ce ai mun riga shi, kwaɗayi mabuɗin wahala. Da gaskiyarsa, sai dai karin maganar tamu kashi ɗaya cikin uku ta kama. Akwai ƙishirwar abin daɗi, wadda kowa ya sani. Akwai ƙishirwar zama wani abu, a ce ni ne wane, in ɗore, in ƙaru, a tuna da ni. Akwai kuma ƙishirwar kawar da abu, in rabu da wannan, kada in ji wancan, kai har ma in daina wanzuwa. A wannan lissafi, mai gudun duniya da mai wawasarta cuta ɗaya ke damunsu, fuskar da suka juya ce ta bambanta. Wannan ne ya sa ya kira hanyarsa tsaka-tsakiya.

Ya buga wani misali da kibiya biyu. Mutum aka harba da kibiya, yana cikin zafinta sai aka ƙara masa ta biyu. Ta farko ita ce ciwon jiki da rashi da tsufa, kuma ba wanda ya tsira daga ita, har shi Buddha ɗin, wanda ruwayoyi suka ambaci ciwon bayansa a tsufansa. Ta biyu ita ce wadda zuciya take harbin kanta da ita: don me ni, yaushe zai ƙare, da na sani, Allah wadai da wane. Alkawarin farkawa a kan kibiya ta biyu yake.

To yaya ƙishirwar take tasowa? A nan ne bayanin ya yi zurfi, kuma a nan nake ganin hazaƙar mutumin ta fi fitowa. Ya ce ƙofofin ji shida ne, ido da kunne da hanci da harshe da jiki, ta shida ita ce zuciya, wadda tunani yake shigar mata kamar yadda ƙara take shiga kunne. Duk lokacin da wani abu ya taɓa ɗaya daga cikinsu, nan take wani ɗanɗano yake biyo baya, ko mai daɗi, ko mai ɗaci, ko wanda ba ya nan ba ya can. Wannan ɗanɗano ba ka da iko a kansa. Abin da ke biye masa shi ne ja ko turewa: a ƙara mini, ko a kawar mini. Daga jan sai riƙo, daga riƙo sai aiki, daga aiki sai ɗabi'a, ɗabi'a ta gina mutumin gobe. Wani ya yi maka baƙar magana a gaban jama'a. Ƙara ta shiga kunne, ƙirji ya ɗau zafi, kafin ka ƙifta ido ka mayar da martani, daga nan gaba ta shekara goma. Abin yana faruwa da saurin da ake ganinsa dunƙule, kamar ba yadda za a yi. Buddha ya ce ba dunƙule yake ba, sarƙa ce mai zobba, kuma zoben da ya fi rauni shi ne wanda ya haɗa ɗanɗano da ja. In mutum zai iya jin zafin ƙirjin nan yana kallonsa har ya huce da kansa, sarƙar ta tsinke a wurin. Mai zaune a Igatpuri da ƙaiƙayi a baya gwajin wannan yake yi da ƙaramin abu.

Kalmar da tsofaffin matani na harshen Pali suke amfani da ita ga wannan horo ita ce bawana, ma'anarta reno ko raya abu, irin yadda manomi yake raya gona. Saboda haka masu kiransa zuzzurfan tunani sun ɗan kauce, domin mai yin sa ba warware wata matsala yake yi a ka ba. Renon zuciya ya fi kusa. Fuska biyu gare shi. Ta farko samata, kwantar da zuciya ta hanyar ɗaure ta a abu ɗaya, galibi numfashi. Ta gudu, a dawo da ita, ta sake gudu, a sake dawowa da ita, kamar ɗaure maraƙi a turke. Abubuwa biyar suke hana ta kwanciya, kuma an kwatanta su da mai son ganin fuskarsa a kwanon ruwa. Sha'awa ruwa ce da aka zuba wa rini, fushi ruwa ne mai tafasa, kasala ruwa ne da gansakuka ta rufe, zumuɗi da damuwa ruwa ne da iska take kaɗawa, shakka kuwa ruwan laka ne a cikin duhu. In suka lafa, zuciya tana iya shiga matakai huɗu na natsuwa da ake kira jana, inda farin ciki mai ƙarfi yake zuwa, sannan ya lafa ya bar daɗi mai sanyi, shi ma ya lafa ya bar daidaito zalla.

Amma ai wannan dangin abin da ya bari ne wurin malamansa biyu. Natsuwa wasa wuƙa ce kawai. Yankan shi ne fuska ta biyu, wipassana, gani da kyau: a juya wannan zuciya da ta kwanta ta kalli jiki da ɗanɗano da yanayin zuciya suna tasowa suna gushewa. Abin da ake so a gani uku ne. Komai yana sauyawa. Abin da ke sauyawa ba ya ƙosarwa. Kuma babu wani abu a ciki da za a nuna a ce wannan ne ni. Na farkon kowa ya san shi, mu ma muna cewa duniya rawar 'yan mata. Hujjar mabiya Buddha ita ce sanin baki ba ya sassauta riƙo, sai mutum ya ga tsamin gwiwar da ya ɗauka dutse ne ashe ɗigo-ɗigo ne masu zuwa da wucewa, ya gani sau dubu, sannan hannun zuciya yake saki da kansa. Gani ya kori ji.

Na ukun ne ƙashin da ke tsaya wa mutane a wuya. Suna kiransa anatta, rashin kai tabbatacce. Buddha ya rarraba mutum tuli biyar: jiki, ɗanɗano, ganewa, yunƙurin zuciya, da sani. Ya ce a duba kowanne, ba wanda yake tsaye, ba wanda yake bin umarninka, in da jikin nan naka ne da ka hana shi tsufa. Wani malami mai suna Nagasena ya yi wa Sarki Milinda, Bagirken da ya mulki arewa maso yammacin Indiya a ƙarni na biyu kafin Miladiyya, bayanin da keken dokin da sarkin ya zo a kai. Ƙafafun ne keken? A'a. Sandar ja ce? A'a. Akwai keke a wajen waɗannan sassa? Babu. To keke suna ne da ake kiran haɗuwarsu, haka ma Nagasena. Ba a ce babu mutum ba, an ce mutum tafiya ce irin ta kogi, wanda sunansa yana nan amma ruwan jiya ya wuce. Dalilin nacewa a kan wannan a bayyane yake: duk ƙishirwa tana buƙatar mai ita. Muddin akwai wani ni da ake karewa, kibiya ta biyu tana da wurin sauka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wannan gaɓa ce hanya ta rabu sarai da Musulunci da Kiristanci. A koyarwar Buddha babu Mahalicci, babu rai madawwami, babu ranar hisabi guda. Abin da ke akwai shi ne samsara, zagayen haihuwa da mutuwa da ba a san farkonsa ba, wanda kamma take turawa, kuma ya fassara kamma da niyyar da ke bayan aiki. Mu abin da ya fi kusa da wannan a tsohuwar al'adarmu shi ne zancen ɗan wabi mai tafiya yana dawowa, sai dai a wurinsu kowa ɗan wabi ne, kuma ba lallai ya dawo mutum ba. Har gidajen ni'ima na sama da suka yarda da su na wucin gadi ne, in lada ta ƙare a sauko. In aka tambaye su mene ne yake dawowa tunda babu rai, sai su kawo misalin fitilar da aka kunna daga wata fitila, harshen wutar ba shi ne na farko ba, ba kuma wani dabam ba ne. Ko wannan amsa ta gamsar, malamansu da na Hindu sun shafe ƙarnoni suna kai ruwa rana a kai. Ni dai ina ganin nan ne ginin ya fi ɗaukar nauyi a kan siririn ginshiƙi.

Kuɓuta ke nan fita daga zagayen gaba ɗaya, sunanta nibbana, ma'anar kalmar mutuwar wuta. Wutar uku ce, haɗama da ƙiyayya da ruɗu. Akwai wasa da harshe a ciki mai kyau, domin kalmar da suke nufin riƙo da ita, upadana, ita ce kuma kalmar makamashi. Wuta tana ci ne muddin tana riƙe da itace. Wani mai yawon neman ilimi ya matsa masa da tambayar ina wanda ya kuɓuta yake zuwa bayan mutuwa, sai ya mayar masa da tambaya: wutar da ke gabanka in ta mutu, gabas ta yi ko yamma? Irin waɗannan tambayoyi, ko duniya tana da farko, ko tana da iyaka, ƙin amsa su ya yi. Ya ce mai nacewa a kansu kamar wanda aka harba da kibiya mai dafi ne ya hana a cire sai an gaya masa sunan maharbin da garinsu da irin itacen bakan.

Yanzu ga abin da masu tallan zaman shiru a yau ba su cika faɗa ba. Maganin da ya rubuta rassa takwas ne: daidaitacciyar fahimta, niyya, magana, aiki, sana'a, ƙoƙari, lura da natsuwa. Zama a matashi ya shafi ukun ƙarshe ne kawai. Kafin su akwai sila, kyan hali. Kowane mabiyi yana ɗaukar alkawari biyar: ba kisa, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba maye. An hana shi cinikin makamai da na mutane da na nama da na kayan maye da na guba. Wanda ya bar gida ana kiransa bikku, ma'anarsa mai bara, kuma a Tailan da Myanmar har yau da sassafe za ka gan su a jere da ƙoƙonsu, hoton da ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a garin almajirai, illa su ba sa roƙo da baki, tsayawa suke yi shiru. Dokoki 227 suke bi a mazhabar Terawada, ba sa cin abinci bayan rana ta take tsaka. Hikimar jerin ita ce wanda ya wuni yana ƙarya da cuta, in ya zauna ya rufe ido, abin da zai tarar a ciki ba zai bar ruwan ya kwanta ba.

Wani abin mamaki shi ne a mafi yawan tarihi talakawan mabiya Buddha ba sa wannan zama. Sadaka suke bayarwa, su kiyaye alkawura, su ziyarci wuraren ibada, suna fatan kyakkyawar haihuwa ta gaba. Ko a cikin masu bara, da yawa karatu da haddar matani suka sa gaba. Zaman da ya yaɗu a duniya yau jikan mulkin mallaka ne. A 1885 Ingila ta ci Mandalay ta kori Sarki Thibaw na Bama (Myanmar ta yau), wanda shi ne uban addini a ƙasar. Wani malami, Ledi Sayadaw, wanda ya rayu daga 1846 zuwa 1923, ya ga in babu sarki sai jama'a su riƙe addinin da kansu, sai ya shiga koyar da manoma da 'yan kasuwa abin da a da na cikin zaure ne, ya kuma ce ana iya shiga wipassana ba sai an kai ƙurewar jana ba. Ta silsilarsa abin ya kai ga U Ba Khin, babban akanta na farko na Bama bayan 'yanci, daga shi sai S. N. Goenka, ɗan kasuwa Ba'indiye haifaffen Bama da ciwon kai mai tsanani ya kai shi wurin. Goenka ya koma Indiya a 1969, shi ya kafa cibiyar Igatpuri, kuma a 1994 ya jagoranci zaman fursunoni wajen dubu a kurkukun Tihar na Delhi. A 1979 kuma Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri a asibitin jami'ar Massachusetts a Amurka domin masu ciwon da ya ƙi jin magani, ya cire sunan Buddha da samsara da nibbana, ya bar lura zalla. Daga nan ne abin da ake kira mindfulness ya bazu har cikin manhajojin waya da ofisoshin manyan kamfanoni, kai har sojan Amurka sun gwada shi.

Ba na raina wannan. Mai ciwon baya da ya koyi sauke kibiya ta biyu ya samu alheri na gaske. Amma a kira abu da sunansa: reshe ɗaya aka sara daga takwas aka dasa a tukunya. Mutumin da ya bar malamansa don natsuwa ba ta ishe shi ba, yau da sunan gadonsa ake sayar da natsuwa. Su kansu tsofaffin matanin sun san akwai karkatacciyar lura da karkatacciyar natsuwa. Maharbin da ya yi kwanton ɓauna ai ya fi kowa natsuwa. Tarihi ma ya nuna cewa mayafi da zama ba sa wanke zuciya da kansu. Manyan ɗarikun Zen, wani reshen addinin Buddha a Jafan, sun mara wa ƙasarsu baya a Yaƙin Duniya na Biyu, sai bayan shekaru kusan hamsin wasunsu suka fito suka nemi afuwa. A Myanmar, ƙasar da ta raya wipassana, malamai irin su Wirathu sun yi ta hura wutar ƙin Musulmi kafin sojoji su kori Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangaladash daga 2017, alhali mutumin da suke bi ya koyar da cewa gaba ba ta taɓa kashe gaba.

Wanda ya san tasawwufi zai ji kunnensa yana motsi tun ɗazu: halwa, zuhudu, yaƙi da son zuciya, har da carbi, wanda nasu yake da ƙwaya 108. An daɗe da haɗuwa kuwa. Barmakawa, wazirai a fadar Haruna Rashid, zuriyar masu kula da wani babban wurin ibadar Buddha ne a Balkh, cikin Afganistan ta yau. Akwai ma wata kama mai ban sha'awa: kalmarsu ta lura, sati, asalin ma'anarta tunawa, daidai da zikiri. Amma a nan wannan kama ta tsaya. Mai zikiri yana da Wanda yake tunawa, yana share zuciya ne don ta cika da Shi, kuma yana ganin buɗi kyauta ce daga Ubangiji. Mai sati abin da ke faruwa yanzu yake tunawa ya lura da shi, ba ya jiran kowa. Wanda ya ce fana'i da nibbana abu ɗaya ne bai yi wa ko ɗaya adalci ba.

Saura ƙulli guda, wanda ya raba kan mabiya Buddha da kansu. In ƙishirwa ce cutar, son kuɓuta fa? Ba an yi gudun gara an faɗa gidan zago ba? Kuma in babu ni, wa yake ƙoƙarin? An taɓa yi wa Ananda, ɗan'uwan Buddha kuma hadiminsa, wannan tambaya a wani lambu. Ya ce wa mai tambayar, kafin ka zo nan ba ka yi nufin zuwa ba? Da ka iso, ina nufin ya tafi? Shi kansa Buddha ya ce koyarwarsa kamar abin fito ce da aka ɗaure da itace da ciyawa, in an haye ba a ɗora shi a ka. Ya kuma ce wa wani almajirinsa tsohon makaɗi, wanda ya yi ta zirga-zirgar horo har ƙafarsa ta yi jini, tsirkiya in ta yi tauri ba ta sauti, in ta yi sako-sako ma haka.

Waɗannan amsoshi ba su kashe maganar ba. Mazhabar Mahayana, wadda ta yaɗu a Sin da Koriya da Jafan da Tibet, ta ga neman kuɓutar kai kaɗai yana da warin son kai, sai ta ɗaukaka bodisatta, mai alwashin farkawa domin dukan masu rai. A Sin ɗarikar Chan, wadda a Jafan ake kira Zen, ta rabu tsakanin masu cewa a hankali ake goge madubin zuciya da masu bin Huineng, wanda ya rasu a 713, da suke cewa farkawa farat ɗaya take zuwa domin dama tana nan. Ruwayar Tibet ta ce a ƙarshen ƙarni na takwas an yi muƙabala a kan haka a wurin ibada na Samye, sarki ya ba masu hawa mataki-mataki gaskiya. Dogen, malamin Zen na Jafan, a ƙarni na sha uku, ya ce zaman kansa shi ne farkawar, wanda ya zauna don ya sami wani abu ya riga ya ɓata zaman. Shinran, ɗan zamaninsa, ya fi kowa nisa. Ya yi shekara ashirin yana horo a dutsen Hiei, ya sauko a 1201 yana cewa duk ƙoƙarin kai girman kai ne a ɓoye, ya yi aure, ya koyar da dogaro kaɗai ga alwashin ceto na wani Buddha dabam da ake kira Amida. Ɗarikarsa tana cikin mafi yawan mabiya a Jafan, kuma ba ta ɗora wa mabiyanta zaman shiru. Addinin da ya fara da cewa kowa tsibirin kansa ne, ga shi wani reshensa ya ƙare a tawakkali.

Ananda ɗin nan ya yi shekara 25 yana hidimar Buddha, ya haddace jawabansa fiye da kowa, amma har malamin ya rasu bai kai ƙarshen hanya ba. Ruwaya ta ce bayan 'yan watanni aka shirya taron mutum 500 a Rajagaha domin tattara koyarwar, dukansu sun kuɓuta sai shi kaɗai, kuma ba yadda za a yi taron ba tare da haddarsa ba. Daren jajibiri ya kwana yana lura da jikinsa, yana matsa wa kansa, ba abin da ya faru. Gab da asuba ya gaji, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Ƙafafunsa sun bar ƙasa, kansa bai kai ga matashi ba, a nan ne aka ce abin ya saki.